Babi na Uku: Sawun Melvinia a Cikin Takardun Wasu

A shekarar 1850, wani dattijo mai suna David Patterson, mai gandu a gundumar Spartanburg ta jihar Karolina ta Kudu a Amurka, ya rubuta wasiyyarsa. Ya bi abin da ya mallaka ɗaya bayan ɗaya yana raba wa magada: shanu, lauje, abin kaɗin zare, mayafan tebur. A cikin wannan jeri akwai wata yarinya baiwa 'yar shekara 6, sunanta Melvinia. Da ya mutu a 1852, masu ƙiyasta dukiyar mamaci suka zo suka yi wa komai kuɗi. Ita aka yi mata dala 475.

Nan ne sunanta ya fara hawa takarda, kuma ba don ita aka rubuta ba. An rubuta ne don kada magada su yi rigima. Haka abin ya ci gaba har ta mutu tana da shekara casa'in da wani abu: duk inda aka gan ta, a cikin takardar wani aka gan ta, takardar da aka yi don lissafin dukiya, ko kujerun majalisa, ko auren ɗanta. Ba ta iya karatu da rubutu ba, domin tun 1829 dokar jihar Jojiya, inda ta girma, ta haramta a koya wa baƙar fata. Ba ta bar wasiƙa ko ɗaya ba.

Duniya ta san sunanta ne saboda wadda ta fito daga tsatsonta. Melvinia ta haifi Dolphus, Dolphus ya haifi Robert Lee, Robert Lee ya haifi Purnell, Purnell ya haifi Marian, ita kuma Marian ta haifi Michelle Obama. A watan Oktoba na 2009, watanni tara bayan Michelle ta shiga Fadar White House a matsayin matar shugaban ƙasa, jaridar New York Times ta buga wannan salsala. Mai binciken asali Megan Smolenyak ce ta tono takardun, 'yan jarida Rachel Swarns da Jodi Kantor suka rubuta labarin. Swarns ta ci gaba da binciken har ta fitar da littafinta, American Tapestry, a 2012. Na zaɓi Melvinia a wannan babi ba don jikanyar ta yi suna ba. Na zaɓe ta ne don duk wani shinge da ke hana a gano kaka mace a takardun Amurka ya taru a kanta ita kaɗai, kuma duk da haka an gano ta.

Shinge na farko ya shafi kowace mace, ko 'ya ko baiwa. A al'adar can, ranar da aka ɗaura wa mace aure take ajiye sunan mahaifinta ta ɗauki na miji. In ta sake aure, ta sake suna. Namiji yana tafe da sunansa tun daga haihuwa har kabari, mai bincike ya bi shi a miƙe. Mace kuwa tana iya zama mutum uku a takardu uku. Ita kanta ƙidayar jama'a, wadda Amurka ta fara a 1790 kuma take yi duk shekara goma, ba ta damu da sunan mata ba a farkonta. Daga 1790 har 1840, sunan maigida kaɗai ake rubutawa. Matarsa da 'ya'yansa sai dai a sa lamba a gurbin shekarunsu. Mace tana samun suna a waɗannan littattafai ne kawai in ita ce kan gida, wato galibi in mijinta ya mutu.

A 1850 aka gyara wannan, aka fara rubuta sunan kowane ɗa da kowace 'ya da ke cikin gida. Gyaran bai kai ga bayi ba. Su an yi musu littafi na daban a 1850 da 1860. A sama sunan ubangida, a ƙarƙashinsa layi-layi: shekaru, namiji ko mace, launin fata. Akwai gurbin da ake rubuta ko bawa ya gudu, akwai na ko kurma ne ko makaho, amma ba a tanadi gurbin suna ba. Dalilin ƙidaya su ma siyasa ce: tsarin mulki ya ce a lissafa kashi uku cikin biyar na bayi wajen raba kujerun majalisar wakilai, don haka jihohin kudu suna buƙatar adadi, ba sa buƙatar sunaye. A ƙidayar 1860 mutum kusan miliyan 4 aka rubuta ta wannan hanya. Abin yana da nauyi in mutum ya tsaya ya dube shi da kyau: hukuma ta tura ma'aikaci har ƙofar gida, ya tambayi shekarun yarinya, ya dubi fatarta, ya rubuta, sannan ya wuce bai rubuta yadda ake kiranta ba.

Shi ya sa masu bin asalin baƙaƙen fatar Amurka suke komawa ga takardun gado na iyayengiji. Abin da ƙidaya ta ƙi rubutawa, kwaɗayin dukiya ya rubuta. Mai raba gado ba zai ce "wata yarinya" ba, dole ya faɗi wacce, don kada a ba wa wani kason wani. Wasiyyar Patterson ta ba da suna, takardar ƙiyasi ta ba da farashi, sauran takardun gadon suka nuna inda ta nufa. Patterson yana da bayi 21. Melvinia ta faɗa a kason 'yarsa Christianne, matar Henry Shields, waɗanda suke zaune a Jojiya. Tana da kimanin shekara 8 aka raba ta da duk wanda ta sani, aka kai ta wata gona mai eka 200 a wurin da ake kira Rex yanzu, kudu da birnin Atlanta. Daga gandun da ke cike da mutanenta ta koma gidan da bayi uku ne kacal.

A nan akwai wani tarko da ya sha kama masu bincike. Rex tana cikin gundumar Clayton, amma ita Clayton sai a 1858 aka ƙirƙiro ta daga gundumomin Henry da Fayette. Mutum yana iya zama a gida ɗaya duk rayuwarsa, takardunsa su rabu tsakanin kotuna biyu, domin iyaka ce ta motsa, ba shi ba. Wanda ya nemi takardar 1855 a ofishin Clayton zai koma hannu rabbana ya ɗauka babu ita.

Ƙidayar amfanin gona ta 1860 ta nuna abin da ake nomawa a gonar Shields: alkama, masara, dankali da auduga. Ta ƙidaya dawakai da shanu da aladu da tumaki. Daga nan ake gane irin aikin da yarinyar ta taso a ciki, domin a ƙaramar gona irin wannan ba a raba baiwar gida da ta gona. Mai ɗebo ruwa ita ce mai cirar auduga. A daidai wannan lokaci, a 1859 ko 1860, tana da kimanin shekara 15, ta haifi ɗanta na fari, Dolphus.

Yaƙin basasar Amurka ya zo har ƙofarsu. A ƙarshen watan Agusta na 1864 aka gwabza a Jonesboro, hedikwatar gundumar, kuma wannan karo ne ya sa Atlanta ta faɗa hannun sojojin arewa. A Disamba 1865 aka yi wa tsarin mulki gyara na 13, bauta ta haramta. Shekara biyar bayan haka aka yi ƙidayar 1870, wadda ita ce ƙofa ga duk mai neman kakanninsa da suka yi bauta, domin a cikinta ne aka fara rubuta su da suna.

Ga Melvinia nan a shafin gundumar Clayton, da sunan Shields, aikinta ƙwadagon gona. A ƙarƙashinta yara huɗu. Ƙidayar 1870 ba ta faɗin dangantakar mutanen gida da juna. Sai a 1880 aka ƙara wannan gurbi. Don haka mai bincike yana karanta yadda aka jera sunayen da shekarun, ya gane uwa ce da 'ya'yanta. Sai gurbin launi: uku daga cikin yaran, har da Dolphus, an rubuta su a matsayin ruwa-biyu. Ɗaya daga cikinsu an haife shi shekara huɗu bayan ƙarewar bauta. Babu miji a gidan.

Ma'aikacin ƙidaya na wancan zamani a ƙasa ko kan doki yake tafiya, gida-gida, yana rubutawa a jere yadda ya tarar da su. Saboda haka shafin ƙidaya taswira ce ga wanda ya iya karanta shi. Sunan da ke sama da naka da wanda ke ƙasa, maƙwabtanka ne. Gwanayen wannan aiki ba sa tsayawa a layin da suke nema; suna karanta shafin gaba ɗaya, da na gabansa, da na bayansa. Da aka yi wa Melvinia haka, sai aka ga gidan da ke maƙwabtaka da nata na Charles Shields ne, ɗan tsohon ubangidanta.

Iyakar abin da takarda ta faɗa ke nan, kuma yadda masu binciken suka tsaya a nan ya burge ni. A rahoton 2009 ba su ce ga uban Dolphus ba. Sun ce farar fata ne, sun nuna cewa Henry Shields yana da 'ya'ya maza huɗu da suka balaga a lokacin, kuma akwai wasu mazan da ke shige da fice a gonar. Sai da Swarns ta nemo jikokin gidan Shields farare da jikokin Melvinia baƙaƙe, suka yarda aka yi musu gwajin DNA, sannan ta rubuta a 2012 cewa su dangin juna ne, kuma alamu sun fi karkata ga Charles, wanda yake da kimanin shekara 20 lokacin haihuwar.

Wasu daga cikin jikokin Shields farare sun so a ce soyayya ce. Ana iya fahimtar dalilinsu. Babu mai son a ce kakansa ya yi wa yarinya fyaɗe. Suna kafa hujja da zamanta kusa da shi bayan 'yanci, da yaron da aka haifa daga baya. Amma ni a ganina akwai abin da ba ya buƙatar gwaji. Yarinya 'yar shekara 15, wadda doka ta ce dukiyar uban saurayin ce, wadda ba ta da ikon kai ƙarar farar fata kotu, ba ta da inda za ta gudu, ba a tambayar ko ta yarda, domin ba ta da damar ƙi. Zamanta a wurin bayan 1865 kuwa, mace ce mai ƙananan yara, ba gona, ba kuɗi, ba dangi a kusa. Shafin ƙidaya ya nuna inda take kwana. Bai nuna abin da ke zuciyarta ba, kuma duk wanda ya cika wannan gurbi da abin da ransa ke so, ya sake yi mata abin da aka saba yi mata: ya yi magana a madadinta ba da izininta ba.

Ga mace 'ya, takardar aure ce mabuɗi. A littafin kotun gunduma ake samun ranar da sunanta ya canja, sunan gidansu a gefe guda, na miji a ɗaya gefen, wani lokaci da sunan limamin cocin da ya ɗaura da na shaidu. Da ita ake haɗa yarinyar da ta ɓace daga gidan ubanta a wata ƙidaya da matar da ta bayyana a gidan wani a ƙidaya ta gaba. Bayi ba su da wannan. Doka ba ta san aurensu ba. Suna yin bikinsu, a wasu wurare ango da amarya su tsallake tsintsiya a gaban jama'a, amma ubangida yana iya sayar da miji gabas, mata yamma. Bayan yaƙi, Hukumar Kula da 'Yantattun Bayi, wadda aka kafa a Maris 1865, ta rubuta aure masu yawa. A 1866 jihar Karolina ta Arewa ta umarci ma'aurata su je gaban magatakarda su faɗi tun yaushe suke tare, kuma waɗannan littattafai taska ce a yau, domin za ka ga tsofaffi sun ce shekara talatin ko arba'in suke zaman aure. Jojiya kuwa doka kawai ta yi a wannan shekarar cewa duk waɗanda ke zaune a matsayin mata da miji sun zama ma'aurata. An halatta auren, ba a bar takarda ba. Aure tsakanin fari da baƙi kuma haramun ne a Jojiya a lokacin, kuma irin wannan doka ta ci gaba da aiki a jihohin kudu har sai da Kotun Ƙoli ta rushe ta a 1967.

Duk da haka aure ne ya buɗe wani sashe na rayuwar Melvinia, sai dai auren ɗanta ne. Ƙidayoyin da suka biyo baya sun nuna ta bar Clayton tana tsakanin shekara talatin da wani abu zuwa arba'in da wani abu, ta koma gundumar Bartow, arewa maso yammacin Atlanta. Me ya kai ta can? A Bartow akwai wasu mata da miji, Mariah da Bolus Easley. Dolphus ya auri 'yarsu Alice. Wanda bai karanta takardun gadon Patterson suna bayan suna ba, zai ɗauka maƙwabta ne kawai aka haɗu da su a sabon gari. Wanda ya karanta zai gane su: Mariah da Bolus bayin gandun Patterson ne a Karolina ta Kudu, mutanen da aka raba Melvinia da su tana ƙarama. Bayan shekaru masu yawa, ba waya, ba iya rubutu, ta nemo mutanenta, har suka haɗa zuri'a. A duk labarin, wannan ne wuri na farko da ake ganin abin da ita da kanta ta zaɓa. Babu takarda ɗaya da ta faɗe shi. Sai da aka ajiye takardar gado ta shekarun 1850 kusa da shafin ƙidaya da labarin auren, sannan ya fito.

Ƙidaya kamar mai leƙa tsakar gida ne sau ɗaya a shekara goma. Wanda aka haifa ya mutu tsakanin leƙe biyu, ba a san ya zo ba. Ga Amurka ma akwai leƙen da ya ɓace ɗungurungum. A Janairu 1921 gobara ta tashi a ginin ma'aikatar kasuwanci a Washinton, ta lalata takardun ƙidayar 1890, abin da ya rage kuma aka hallaka shi daga baya. Cikin mutum kusan miliyan 63, sunaye kimanin 6,000 ne suka tsira. Mata ne wannan asara ta fi shafa. Yarinyar da aka haifa a 1881 tana iya girma, ta yi aure, ta bar gida kafin 1900, ba tare da ta taɓa bayyana a ƙarƙashin sunan ubanta ba. Ƙidayar 1900 da ta 1910 sun ɗan rage zafin abin, domin sun tambayi shekara nawa aka yi da aure, sun kuma tambayi kowace uwa 'ya'ya nawa ta haifa, nawa ke raye. Lambobi biyu ne a jere, amma sau da yawa su kaɗai ne shaidar cewa wasu yara sun taɓa rayuwa.

Melvinia ta ƙare rayuwarta a Kingston, wani ƙaramin garin tashar jirgin ƙasa a Bartow. A can ungozoma ce, kuma a can ba a san ta da Melvinia Shields ba. Mattie McGruder ake kiranta. Sunan yanka ya gajarce, na biyu ya canja. Wanda ya buga tsohon sunan a na'urar bincike ba zai taɓa faɗawa kan wannan tsohuwa ba. Ta 'ya'yanta da jikokinta da maƙwabtanta aka tabbatar mutum ɗaya ce. Ta mutu a 1938. Jojiya ta fara rajistar mutuwa a duk faɗin jihar a 1919, don haka ta samu takardar shaida, wadda wani ɗan'uwanta ya sa wa hannu. A gurbin sunan uwa da uba an rubuta cewa ba a sani ba. A watan Yuni na 2012 gundumar Clayton ta kafa mata dutsen tunawa a Rex, jikokinta baƙaƙe da danginsu farare suka halarta.

Na ba da labarin daga farko zuwa ƙarshe, amma ba haka aka tono shi ba. Bincike daga sananne yake farawa ya koma baya. An fara da Marian, wadda aka haifa a Shikago a 1937, lokacin Melvinia tana raye a Kingston. Daga Marian aka je ga mahaifinta Purnell. Shi kuma an same shi a ƙidayar 1930 a Shikago, a gidan mahaifiyarsa Annie da sabon mijinta. Ga matsalar nan ta sake dawowa: Annie ta sake aure, sunanta ya canja, kuma yaron da ya riƙe sunan Shields ne ya nuna ta. Auren 1906 tsakanin Annie Lawson da Robert Lee Shields ya mayar da binciken kudu, zuwa Alabama. Robert Lee ya yi lebura, ya yi dako a jirgin ƙasa, sannan ya ɓace daga takardu yana da kimanin shekara 32. Mahaifinsa Dolphus kuwa ya bar sawu ko'ina a birnin Birmingham na Alabama, domin namiji ne mai sana'a: kafinta ne, ya mallaki gidansa kafin 1900 ta wuce, ya buɗe shagonsa a 1911, yana cikin waɗanda suka kafa coci biyu, ya mutu a 1950 yana da shekara 91. Ta kansa aka isa shafin 1870, inda yake yaro ɗan kimanin shekara 10 a ƙarƙashin sunan uwarsa.

Dokar Amurka ta ce sai bayan shekara 72 ake buɗe sunayen da ke cikin ƙidaya. Lokacin da Smolenyak ta yi aikinta, ta 1930 ce ta ƙarshe da ke hannun jama'a. An buɗe ta 1940 a Afrilu 2012, ta 1950 a Afrilu 2022. Michelle, wadda aka haifa a 1964, ƙidayar 1970 ce ta farko da ta riske ta, kuma sai a 2042 za a buɗe wannan.